Gyaran Barmani

Kakata Barmani ba ta taɓa shafe bakin mudu ba.
Ran kasuwar Gani, a gindin tsamiya,
takan tula gero har ya yi tozo,
ta tare mai zubowa da gefen hannu,
sannan ta ɗebo tafi guda, ta ce, "Ga gyara."
Ni kuwa ina riƙe da bakin buhu
ina lissafin hasara a zuci:
tafi ɗaya, tafi goma, kafin la'asar
rabin kwano ya bi iska.

Na ce, "Kaka, haka ake ciniki?"
Ta ce, "Filibus, haka aka auna mini."

Me aka auna mata?
Ɗaki ɗaya mai yoyo ta gabas.
Akuya gurguwa.
'Ya'ya tara, huɗu na kwance bayan majami'a.
Miji da kububuwa ta sara a kunyar gyaɗa,
bai ko gama noman farko ba.

Wata Lahadi mai bishara Dangana
ya yi wa'azi kan rai a yalwace.
Na dubi bencin ƙasa da muke zaune a kai,
na dubi faso a dugadugan dattawa,
na ce wannan yalwar ba ta san hanyar garinmu ba.
Sai na tafi nemanta Kano.
Shekara bakwai ina tura baro a Sabon Gari,
inda sikeli ke magana, mutum ya yi shiru.
Na sayi waya, na sayi takalmi mai igiya,
na koyi cin abinci ina fuskantar bango.

A can ne na tuna shekarar da ƙuduji ya cinye dawa.
Tukunyarmu ta koma 'yar ƙarama,
amma Kaka ta leƙa ta kan danga
ta kira 'ya'yan Malam Habu, ta kira Bafillatanar da ruwa ya tsare.
Tuwon bai ƙaru ba, hannuwa ne suka ƙaru.
Har yau ban san yadda aka yi ba,
kowa ya tashi yana suɗe yatsa yana dariya,
ita tana kankare ƙanzo tana raira godiya.

Tsakiyar damina aka aiko in zo.
Na same ta a tabarma, ba ta fi nauyin karan dawa ba.
Na durƙusa, na nemi abin faɗa, na ce,
"Kaka, kin sha mudunki, saura gyara a sama."
Ta buɗe ido ɗaya.
"Yaro, birni ya juya maka lissafi.
Shekara tamanin ɗin nan
ɗanɗano ne aka zuba mini a tafi.
Awon yana gaba.
Kuma Yesu ya riga ya biya,
ni dai buhu kawai zan buɗe."
Ta nemi ruwa, ta sha rabi,
ta miƙo mini sauran.

Da safe muka kai ta kusa da huɗun nan.
Matan zumunta suna buga tulu,
Malam Habu ya karɓi fartanya a hannuna
don na kasa.
Ƙasar da laima, irin wadda manomi ke so.
Ba mu ce mun rufe ta ba.
Mutanen da ke zuba hatsi a rami kowace shekara
su koma gida su yi barci
sun san sunan wannan aikin.

Yanzu ni ke zama gindin tsamiyar.
Mudun nata ne, ya lotsa a gefe.
Ba zan ɓoye ba, wani lokaci hannuna kan tsaya,
tsohon lissafi ya taso mini.
Jiya wata yarinya ta zo da kuɗin da bai cika ba,
ta tsaya tana kallon ƙasa.
Na tula har ya yi tozo.
Na ce, "Buɗe da kyau,
kar ya zube."